Ranar da Na Yi Magana a Makokin Dogo

Na san abin da kuka ji. Kun ji an ce tsofaffin abokan aikina sun fitar da ni daga cikinsu saboda bakina ba ya riƙe magana. Har a wajen ɗaurin auren 'yar'uwarku Nafisa wani ya faɗa, na ji da kunnena. Gaskiya ne sun raba ni da su, gaskiya ne kuma magana na yi. Yadda aka yi har na yi ta shi ne ba ku sani ba, shi zan rubuta muku a nan, don uwarku ta gaji da tambayoyinku, ni kuma ba zan iya faɗa muku da baki ba. Rubutuna ba kyau, kun sani. Ku karanta shi a hakan.

Kun taso ana ce muku babanku soja ne, amma ba ku taɓa ganina da kaki ba sai a hoton nan na ɗakin uwarku. Aikina sauraro ne. Ba don boko aka ɗauke ni sashen tattara bayanan sirri ba, ba ni da shi. An ɗauke ni don na iya Fillanci wajen kakata, na san shanu, kuma fuskata irin wadda mutum zai gani da safe ya manta kafin azahar ce. In zauna a kara wajen cinikin shanu, in zauna a tasha, in zauna bakin iyaka wajen Kongolam kamar mai jiran mota, in ji wa ke sayen gishiri da magani fiye da na gida ɗaya, wa ya kawo shanun da ba su san sandarsa ba. Kowannenmu da sunan aiki. Ni Gwauro suke ce mini, har na yi aure na haife ku duka ban fita daga gwauranci a bakinsu ba. Shugabanmu Kawu ne. Abokina kuwa, wanda saboda shi nake wannan rubutu, Dogo muke ce masa, don duk cikinmu babu gajere kamarsa.

Dogo mutumin wani ƙauye ne gaba da Baure. Shi aka tura cikin ɓarayin shanu a dazukan yamma, ya zauna da su shekaru a matsayin mai sayar musu da dabbobin da suka sato. Ni ne wanda yake saduwa da shi ranar kasuwa. Mu zauna wajen mai fura, bayana na jingine da bayansa, yana dama furarsa yana mita kamar da ƙwaryar yake magana, ni kuwa ina kwashewa. Kafin ya faɗi abin da ya kawo shi sai ya zagi furar tukuna. Ya ce nonon tsala ne, ya ce geron bara ne, ya ce duk ƙasar nan ba wanda ya iya fura sai matarsa Dije. Na san zufar bayan mutumin nan fiye da yadda na san fuskarsa. In ya ji tsoro bayansa kan yi sanyi, ko da rana ta take. Bai taɓa cewa yana tsoro ba, ni ma ban taɓa ce masa na sani ba.

Da muka yi ritaya kowa ya koma garinsu, sai muka tarar ba mu iya zama da mutane ba. A majalisa ana hira, kai kana duba takalman mutane kana lura da wanda ya zo daga nesa. Matarka ta tambaye ka ina ka je, ka ji kanka yana shirya mata amsa alhali masallaci ka je. Kawu ne ya haɗa mu, mu 'yan wannan yanki, ba mu da yawa. Babu ofis, babu kati, babu suna. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci, Kawu zai kira mutum ɗaya, wannan ya kira na gaba, har a zagayo. Tela ne ke kirana, wani ɗan Zango mai baki kamar reza, ni kuma in kira Dogo. Maganar ba ta wuce an yi ruwa a wajenku, ya gwiwa, ya yara. Amma in waya ta yi ƙara ranar Juma'a, na san akwai wanda ya san abin da na yi da ƙuruciyata. Bayan Babbar Sallah kuma mu taru a gonar Kawu a Sandamu, ƙarƙashin tsamiya. A gasa nama, a yi ta tsiya, Tela ya kwaikwayi tafiyar kowa. In an yi la'asar sai Kawu ya miƙe ya kira waɗanda suka riga mu da sunayensu na aiki, ɗaya bayan ɗaya, mu amsa da Allah ya jiƙansa, a shafa Fatiha. Girmamawarmu ke nan. Ba mai busa mana ƙaho, ba mai rataya mana lambar yabo, kuma ba mu nema ba.

Akwai kuma yadda muke zuwa makoki. In ɗaya ya rasu duk za mu je, amma kowa shi kaɗai, kowa da lokacinsa. Ba ma gaisawa, ba ma zama kusa da juna, ba ma faɗin daga ina muke. Ka yi ta'aziyya kamar wanda hanya ta biyo da shi, ka zauna, ka yi addu'a, ka tashi. Ba wasa ya kawo wannan ba. Kawu ya sha faɗa mana:

"Ku kun ajiye aiki, amma waɗanda suka buɗe muku ƙofa suna nan a garuruwansu. Duk wanda ya ce wane namu ne, ya nuna wanda ya shigar da wane. Ku mutu da bakinku a rufe, shi ne hakkinsu a kanku."

Na yarda da wannan magana a lokacin. Har yanzu ban ce ƙarya ba ce.

Daminar da gero ya yi tsawo har ya rufe hanyar gonarmu, na kira Dogo ranar Juma'a wayar ta shiga, wata murya ta ɗauka wadda ba tasa ba. Ɗansa ne Mustafa, magidanci, mai gyaran babura. Ya ce babansa ya faɗi a gona jiya da hantsi, an kai shi kafin la'asar. Na ce Innalillahi, na ce Allah ya jiƙansa. Ya ce wa ke magana? Na ce wani ne da suka taɓa ciniki. Na kashe waya na zauna a zaure. Uwarku ta leƙo ta gan ni.

"Malam, lafiya? Tuwon ya huce."

"Dogo ya rasu."

"Wane Dogo?"

Nan na gane shekara da shekaru ina kwana ina tashi da matar nan, ba ta taɓa jin sunan mutumin da ya fi kowa kusa da ni ba. Na ce mata wani ne. Ta dube ni, ta ɗauke kwanon ta koma ciki.

Ranar sadakar uku na hau babur na tafi. Na isa da hantsi. Abin da na fara gani shi ne tabarmi. An shimfiɗa su ƙofar gida har bakin hanya, kamar yadda ake yi wa magidanci, amma ba kowa a kai sai 'yan tsofaffi da yayan mamacin, da Mustafa a gefe. Mutanen gari suna can tsallaken hanya gindin wata bedi, suna kallo. Na ajiye babur, na durƙusa na ce ya haƙuri, suka ce da godiya, na koma can ƙarshen tabarma. Tela ya riga ni zuwa, yana zaune yana jan carbi kamar bai taɓa ganina ba. Can Kawu ya iso da sandarsa. Sauran suka yi ta zuwa ɗaya ɗaya, wannan ta gabas, wancan ta yamma, kowa ya nemi kusurwarsa. Kafin a jima mun fi 'yan garin yawa a kan tabarmin.

Kunne ba ya ritaya. Daga inda nake ina jin gindin bedin nan sarai.

"Ga mutanensa nan sun fara zuwa."

"Ka ga ba sa gaisawa? Wai kar a gane su."

"Dubi idon wancan mai carbin. Wallahi wannan ya taɓa kashe mutum."

"Ai na faɗa muku. Ƙanin matata ya gan shi da idonsa a daji yana kora musu shanu. Infoma ne, har ya mutu bai daina ba."

Ashe tun shekarun can wani ɗan garin ya ga Dogo cikin ɓarayin, maganar ta dawo gida ta zauna. Dogo ya dawo ya yi noma a tsakiyarsu da wannan suna a kansa, ina kiransa duk Juma'a yana zagin damina yana tambayar gwiwata, bai taɓa gaya mini ba. Mu kuma da muka zo girmama shi, mun zo da baƙin fuskoki, ba gaisuwa, ba sunan gari, kowa ya kama kusurwa yana duba hanyar fita. Mu ne muka ƙarasa tabbatar musu. Da mun zauna a gidajenmu da ya fi masa.

Ana haka dagacin garin ya zo da mutum biyu. Bai zauna ba. Ya yi addu'a a tsaye, sannan ya kira yayan mamacin da Mustafa gefe, amma ba gefen da zai hana a ji ba.

"Mun yi haƙuri da shi saboda ɗan gari ne, kuma ya tsufa. Yanzu ku duba abin da kuka tara mana a ƙofar gida. Jama'a sun ce ba za su kwana da wannan ba. In an yi arba'in, uwarka ta fita takaba a wani wuri. Ku nemi inda za ku."

Mustafa ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban san ko ɗaya daga cikinsu ba."

"Su ai sun san gidanku."

Na dubi Kawu. Ya ji, na san ya ji. Ya kafa haɓarsa a kan sanda, ya ɗan girgiza mini kai sau ɗaya, kaɗan, yadda ba wanda zai lura sai wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Na san ma'anarsa. Na sunkuyar da kai ina kallon saƙar tabarma. A cikin gida wata mace ta fashe da kuka, wata tana ba ta haƙuri tana kiran sunanta, Dije, Dije. Ban taɓa ganin matar nan ba, amma na sha jin labarin furarta a kasuwannin da mijinta zai iya mutuwa kafin ya kai bakin hanya. Ban yi wani dogon tunani ba, kar in yi muku ƙarya. Na ji ni a tsaye kawai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina da magana." Na faɗi sunana na yanka, da sunan ubana, da unguwarmu a cikin Daura. Tun da na shiga aikin nan ban taɓa faɗin waɗannan uku a jere gaban baƙi ba. Wani tsoho a kan tabarma ya ɗago ya ce, kai ɗan Audu mai awon hatsi ne? Na ce shi ne. Ya ce ya san ubana, ya sha sayen dawa a hannunsa. Na ce to duk mai shakka ya biyo ni gida. Na ce ni tsohon soja ne, wannan da kuka binne shi ma soja ne, gwamnati ce ta tura shi cikin ɓarayin, kuma wanda ya ce ya gan shi a daji bai yi ƙarya ba, ya gan shi, a bakin aiki ya gan shi.

Dagaci ya nuna sauran da haɓa ya ce, "Waɗannan fa?"

Na ce, "Ba ɓarayi ba ne. Iyakar abin da zan ce a kansu ke nan."

Kawu ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya shafa addu'a, ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya sa takalmi ya tafi, bai waiwayo ba. Sauran suka bi, ba tare ba, ɗaya ɗaya yadda suka zo. Tela ne na ƙarshe. Da zai wuce ta gabana ya tsaya kamar yana gyara takalmi, ya ce ƙasa ƙasa, "Gwauro, ka kashe kanka." Ya wuce. Na ci gaba da magana ina jin baburansu suna tashi. Mutanen gindin bedi suka tsallako suka cika tabarmin da 'yan'uwana suka bari.

Ba kowa ya yarda ba. Har yau akwai masu cewa haɗa baki muka yi. Amma dagaci ya aiko mutum Daura ya bincika ni, kuma ba a tashi gidan ba. Dije tana ɗakinta, Mustafa yana gyaran babura a bakin hanya. Kar ku ɗauka ya gode mini. Da zan tafi ranar ya biyo ni wajen babur, idonsa jawur.

"Baba, tun ina makaranta ake ce mini ɗan ɓarawo. Na daina cin abinci kwano ɗaya da shi. Ya mutu ina gaishe shi daga bakin ƙofa. Kuna ina duk shekarun nan?"

Na ce, "Muna nan."

"Kuna nan," ya ce, ya juya.

Juma'ar da ta biyo na dawo masallaci na zauna a zaure da waya a hannu. Ba ta yi ƙara ba. Ni ma ba ni da wanda zan kira, nawa yana ƙasa. Na zauna har aka kira la'asar. Ba wanda ya ce mini an kore ka, mu ba ma haka. An dai ɗinke zagayen ta wani wuri, an tsallake ni. Uwarku ta lura, don ita ba ta da sunan aiki amma ta fi mu duka ido. Juma'a ta uku ta fito ta tsaya a kaina.

"Ka kira su mana. Hannunka ciwo yake?"

"Ba a yin haka."

"To ka shigo ka ci abinci. Mutanen da ba su taɓa taka gidan nan ba, su ne za su hana ka cin tuwona?"

Tana da gaskiya, amma ba ta san me ake nufi da a ce maka Gwauro ba. A gidan nan ni Malam ne, ni Baba ne. A unguwa ni tsohon soja ne da ba ya son hira. Mutumin da ya zauna a kara da zuciyarsa a hannu, wanda ya san abin da sanyin baya yake nufi, su kaɗai suka san shi. Da suka rufe ƙofa, da shi suka rufe. Babbar Sallah ta zo ta wuce, na san ranar da suke gindin tsamiya, na san a ranar Kawu zai kira sunan Dogo a karon farko, ni kuwa da na fi kowa hakkin amsawa ina nan ina gyara wa awaki danga. Na tsaya da igiya a hannu na ce Allah ya jiƙansa, ni kaɗai. Akuya ta dube ni.

Sai da shekara ta zagayo na kasa haƙuri. Na hau babur na tafi Sandamu ba tare da na aika ba. Na tarar da Kawu a gona yana duba wake, ya rame, sandar ta zama ta gaske. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar jiya muka rabu, ya nuna mini kututture na zauna.

Na ce, "Kawu, na zo ne a mayar da ni. Ko ba za a kira ni ba, a bar ni in zo tsamiya in zauna a baya."

Ya daɗe yana murza ganyen wake a hannu.

"Ka san wanda ya shigar da Dogo wajen mutanen nan? Ba ka sani ba, don ba aikinka ba ne ka sani. Wani bawan Allah ne mai kiwo, ya ce musu Dogo ɗan ƙanwarsa ne. Maganarka ba ta yi wata ba ta kai dazukan yamma. Sai da na roƙi yaran da ke aiki yanzu suka ɗauke shi da iyalinsa. Yana raye. Amma ya bar gonarsa, ya bar kabarin iyayensa, yana wani gari inda ba wanda ya san shi, da tsufansa. Ka zaunar da gida ɗaya, ka tashi wani."

Ya jefar da ganyen waken. Ya ci gaba da cewa:

"In na mayar da kai, gobe wani ya ji tausayi a wani makokin. Ba zan iya ba, Gwauro."

Na ce na ji. Na miƙe ina kaɗe riga. Sai ya ce in dakata. Bai dube ni ba, wake yake kallo.

"Ranar nan na tafi ban ji ƙarshe ba. Me ka gaya musu a kansa?"

Na koma na zauna. Na faɗa masa duk abin da na faɗa. Yadda Dogo ya yi shekaru yana kwana cikin mutanen da za su yanka shi in sun gane. Yadda shanun talakawa da yawa suka koma hannun masu su ba su san ta bakin wa ba. Yadda ya taɓa tafiya yini guda da zazzaɓi don ya iske ni a kasuwa ya ce kar motocinmu su bi ta gada, an yi musu kwanto. Kawu yana ji, idonsa a rufe. Da na kai nan ya ɗaga hannu.

"Ba gada ba ce. Mashigin rafi ne, gadar ta riga ta karye. Kuma ba zazzaɓi ba ne, maciji ne ya sare shi, ya ɗaure ƙafar da rawaninsa. Ni ina cikin motar gaba."

Ya share fuskarsa da hannun riga, ya ce rana ta yi zafi. Ya kira wani ya ɗebo mini wake ɗanye a buhu ya ɗaura a bayan babur, ya ce in kai wa uwargida. Ya rako ni har bakin gona yana dogarawa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Na tayar da babur.

"Ka gaida gida," ya ce. "Kar ka dawo."

Ban koma ba. Waken nan shi kuka ci da shinkafa a makon, Bashir har ya nemi ƙari. In kun tambaye ni ko da za a mayar da ni kan tabarmar nan zan sake miƙewa, zan sake. In kun tambaye ni ko Kawu ya zalunce ni, bai zalunce ni ba, kuma kar in ji ɗayanku ya zage shi, ko ina raye ko ba na raye. Ina kewarsu ne kawai, kullum.